Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamitin Amintattun Gidan Wasan Kwaikwayo na Guthrie

Zuwa ga Shugaba da Membobin Kwamitin Amintattu,
Gidan Wasan Kwaikwayo na Guthrie,
Minneapolis, Jihar Minnesota, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri a gare ku, da daraktan gidan, da dukkan ma'aikatan da ke wahala a bayan fage ba tare da 'yan kallo sun san fuskokinsu ba. Bayan haka, ni ɗaya ne daga cikin mazauna wannan gari da ke sayen tikiti su zauna a kujerunku, kuma ba ni da wani matsayi da ya wuce wannan. Na zaɓi in yi maganata a bainar jama'a ne saboda gidan Guthrie da gudummawar mutanen gari aka gina shi tun farko, kuma har yau da tallafinsu yake tsaye, don haka abin da ya shafi makomarsa ya cancanci a tattauna shi inda kowa zai ji. Buƙatata guda ɗaya ce. Ina roƙonku ku dawo wa gidan nan da zaunannun 'yan wasa, wato tawagar da za a ɗauka aiki na tsawon kaka ɗaya (zangon wasanni na shekara) ko fiye, su zauna a gari, su yi wasanni daban-daban tare, kamar yadda waɗanda suka kafa gidan suka tsara. Kun fi ni sanin tarihin da zan ambata, amma dole in bi ta kansa, domin a cikinsa hujjata take.

A shekarar 1959 ne mutum uku suka zauna a kan wannan shawara: Tyrone Guthrie, fitaccen darakta wanda ya yi suna a Ingila kuma ya jagoranci kafa bikin wasannin Stratford a ƙasar Kanada a 1953, da abokan aikinsa biyu, Oliver Rea da Peter Zeisler. Dukansu sun san Broadway, cibiyar gidajen wasa na kasuwanci a New York, ciki da waje, kuma dukansu sun gaji da yadda ake tafiyar da harka a can. A Broadway, masu zuba jari ne ke tara kuɗi saboda wasa guda ɗaya, a ɗauki 'yan wasa saboda shi kaɗai, idan ya karɓu a yi ta maimaita shi dare bayan dare har shekaru, idan masu sharhi a jaridu suka kushe shi a rufe cikin mako guda kowa ya kama gabansa. A irin wannan kasuwa babu mai haƙurin saka kuɗinsa a tsohon wasa mai 'yan wasa ashirin, kuma babu ɗan wasan da zai samu damar girma a hankali daga ƙaramin matsayi zuwa babba a gaban 'yan kallo da suka san shi. Abin da mutanen nan uku suka nema shi ne gida mai zaman kansa, wanda ba riba ya sa a gaba ba, nesa da New York, inda ƙwararrun 'yan wasa za su zauna tare su gabatar da manyan wasannin duniya.

Ba su kaɗai ke wannan tunani a lokacin ba. Margo Jones ta buɗe nata gidan a Dallas a 1947, Nina Vance ta kafa Alley a Houston a wannan shekarar, Zelda Fichandler kuma ta fara Arena Stage a Washington a 1950, sannan Gidauniyar Ford ta soma zuba kuɗi mai yawa a irin waɗannan gidaje daga ƙarshen shekarun 1950. Abin da ya bambanta Guthrie shi ne yadda aka haife shi da girmansa. An buga gayyata a shafin wasan kwaikwayo na jaridar New York Times cewa duk garin da ke son irin wannan gida ya yi magana, garuruwa bakwai suka amsa, ciki har da Detroit da Milwaukee da San Francisco, daga ƙarshe aka zaɓi Minneapolis. Gidauniyar T. B. Walker ta ba da fili da dala 400,000, jama'ar jihar kuma suka tara fiye da dala miliyan 2, daga manyan 'yan kasuwa har zuwa masu ba da abin da bai taka kara ya karya ba. Ya kamata a riƙa tuna wannan a kowane zaman kwamitinku: mutanen da suka ba da kuɗin nan alkawari aka yi musu, kuma a cikin alkawarin akwai tawagar 'yan wasa da za ta zama tasu.

Shi kansa dandamalin da aka gina yana faɗin abin da aka nufa. Ralph Rapson ne ya zana ginin farko da ke Vineland Place kusa da Cibiyar Fasaha ta Walker, Tanya Moiseiwitsch kuma, wadda ta yi aiki da Guthrie a Stratford, ita ta tsara dandamalin. Maimakon fage mai labule da ake kallo daga gaba ɗaya kamar hoto a bango, sai ta yi dandamali mai kutsowa cikin tsakiyar ɗaki, 'yan kallo 1,441 suna kewaye da shi ta ɓangare uku, da matakala a gefensa, da hanyoyi biyu da ke bi ta ƙarƙashin kujeru inda ɗan wasa zai ɓullo daga tsakiyar jama'a. Wanda ya taɓa zama a gefen wannan dandamali, ko na sabon ginin da aka yi a kan fasalinsa, ya san abin da nake nufi. Kana ganin zufa a wuyan mai magana, kana jin numfashinsa, kuma a can bayansa kana hango fuskokin wasu 'yan kallo suna kallon abin da kake kallo. Ba a iya kafa dogon bango a kai, don zai tare wa wasu gani, saboda haka babu inda ɗan wasa zai fake. A kowane lokaci ya juya wa kashi ɗaya na ɗakin baya, dole kafaɗarsa da tsayuwarsa su yi magana da waɗanda ba sa ganin fuskarsa, dole kuma abokin wasansa ya san inda zai tsaya a kusurwa don kada ya rufe shi. Wannan ilimi ne da jiki ke koya cikin watanni da shekaru. Baƙon da ya sauka daga jirgi, komai gwanintarsa, makonnin farko yana kashe su ne wajen sanin ɗakin.

An buɗe gidan ranar 7 ga Mayu, 1963 da wasan Hamlet, George Grizzard ne ya fito a matsayin yariman, Jessica Tandy kuma a matsayin mahaifiyarsa. A wannan kaka ta farko wasanni huɗu aka yi: na Shakespeare, da The Miser na Molière, da Three Sisters na Chekhov, da Death of a Salesman na Arthur Miller, kuma tawaga ɗaya ce ta ɗauke su duka, ana juya su bi da bi. Ma'anar wannan ga mai kallo ita ce, a mako guda yana iya ganin Hume Cronyn ya fito marowacin tsoho mai ban dariya, bayan kwana biyu ya sake ganinsa a matsayin ɗan tallan da duniya ta juya wa baya. Mai kallon da ya ga haka ya fara gane cewa wasa sana'a ce mai zurfi, ya daina ɗaukar ɗan wasa a matsayin mutumin da aka zaɓo don kawai ya yi kama da wanda yake kwaikwaya. Ma'anarsa ga ɗan wasa kuwa, jarumin daren Talata shi ne mai riƙe mashi a daren Laraba, yana tsaye shiru yana kallon yadda na gaba da shi ke sarrafa ɗaki. Ta haka ƙanana ke koyo daga manya ba tare da an shiga aji ba, ta haka kuma darakta ke samun ƙarfin halin ba mutum matsayin da ba wanda ya zaci zai iya, saboda ya riga ya ga iyakar ƙarfinsa a wasanni uku.

Ba zan ce tafiyar ta kasance sumul ba. Bayan Guthrie ya sauka a 1966, gidan ya shiga shekarun rashin tabbas, 'yan kallo suka ragu, bashi ya taru, har sai da Michael Langham ya karɓi ragama a 1971 ya farfaɗo da shi, kuma da me ya farfaɗo da shi in ba da tawaga mai ƙarfi da tsofaffin wasanni da aka yi da kyau ba? A zamaninsa, a 1975, aka fara wasan A Christmas Carol da ake maimaitawa kowace shekara, wanda ya zama ƙofar da yara da yawa na jihar nan suka fara shiga gidan wasa ta cikinta, ya kuma zama ginshiƙin kuɗin shigar gidan. Liviu Ciulei, ɗan ƙasar Romaniya, ya zo a 1980 da salon Turai mai tsauri wanda ya raba kan 'yan kallo, amma a zamaninsa, a 1982, gidan ya karɓi lambar yabo ta Tony da ake ba gidajen wasa na yankuna. Wanda na fi so ku tuna shi ne Garland Wright, da ya jagoranci gidan daga 1986 zuwa 1995. Shi ya mayar da zaunannun 'yan wasa tsakiyar aikin gidan, a zamaninsa aka tara asusun ajiya na fiye da dala miliyan 25, kuma a 1990 tawagarsa ta gabatar da wasannin tarihi na Shakespeare, Richard II da Henry IV da Henry V, a jere, har ana iya kallonsu duka a yini ɗaya. Tsofaffin 'yan kallo a garin nan har yanzu da wannan aiki suke auna duk abin da ya biyo baya.

Joe Dowling, wanda ya taɓa jagorantar gidan Abbey na Dublin, ya yi shekara 20 a kan kujerar, daga 1995 zuwa 2015, kuma babu mai musun cewa ya cika ɗakin da mutane. Babban abin da ya bari shi ne sabon ginin da aka buɗe a 2006 a bakin kogin Mississippi, a unguwar tsofaffin masana'antun fulawa, wanda Bafaranshen nan Jean Nouvel ya zana, aka kashe dala miliyan 125 a kansa, ciki har da dala miliyan 25 daga baitulmalin jiha. Ɗakunan wasa uku ne a ciki: mai dandamalin kutse da kujeru 1,100, da mai fagen labule da kujeru 700, da ƙaramin ɗaki na mutum kusan 200 a hawa na tara. Akwai doguwar baranda mai ƙafa 178 da ke rataye a sama tana fuskantar kogi, kuma ina yaba muku da kuka bar ƙofa a buɗe ga wanda ba shi da tikiti ya hau ya kalli ruwa da gadar dutse. Ma'aikatar kafintoci tana can a kan ginin ajiye motoci a tsallaken titi, ana turo kayan fage ta wata gada da ke sama kai tsaye zuwa bayan dandamali, dabarar da duk mai son aikin hannu zai jinjina wa. Tsohon ginin Rapson kuwa an rushe shi a ƙarshen 2006, duk da cewa masu kare kayan tarihi na ƙasa sun sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari tun 2002, kuma wannan magana ce da ta wuce, ba ita ta kawo ni ba. Abin da ya dame ni shi ne a daidai shekarun da gini ya ninka, tawagar da aka kafa gidan dominta ta narke a hankali. Babban gini yana cin wuta da ɗumama da gyara da inshora ko an yi wasa ko ba a yi ba, kuma idan kuɗi ya yi ƙaranci ba a iya sallamar rufi ko na'urar hawa bene. Albashin mutane shi ne abin da ake iya taɓawa.

Yadda ake aiki yanzu, a Guthrie da mafi yawan takwarorinsa, shi ne a ɗauki 'yan wasa saboda wasa ɗaya, wasu daga cikin gari, wasu daga New York ko Chicago, a yi bita ta kusan wata guda, a yi makonni ana nunawa, sannan kwangila ta ƙare. Idan aka duba da kyau, wannan shi ne tsarin da Guthrie da abokansa suka gudo daga gare shi, sai dai an cire masa masu zuba jari. Na san za ku ce Minneapolis da St. Paul suna da tarin gwanayen 'yan wasa, kuma fuskoki da yawa suna dawowa dandamalinku shekara bayan shekara. Gaskiya ne, amma ku dubi yadda suke rayuwa. Ɗan wasan da ke cikin ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa yana samun inshorar lafiya ne gwargwadon makonnin da ya yi aiki, don haka tun yana tsakiyar wasa ɗaya hankalinsa yana kan neman na gaba. Tsakanin kwangila da kwangila yana koyarwa, ko yana sa murya a tallace-tallace, ko yana aikin da ba shi da alaƙa da sana'arsa. Wanda ya kai shekara 40 da iyali a wuyansa, sau da yawa ko ya bar gari ko ya bar sana'ar, kuma su ne daidai mutanen da ake buƙata su fito sarakuna da uwaye da tsofaffin bayi. Gidan yana cin moriyar tawagar da ba ya ɗaukar nauyinta, 'yan wasan da kansu ne ke biyan kuɗin zamansu a gari.

Na san amsar farko da za ta fito daga bakin ma'ajin kwamiti, kuma amsa ce mai nauyi. Tun a 1966 masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, suka bayyana ciwon da ke damun duk wani wasa da ake yi kai tsaye: masana'anta tana iya sayen inji ta rage ma'aikata, amma wasan da aka rubuta wa mutum goma sha biyar shekaru 400 da suka wuce har gobe mutum goma sha biyar yake nema, da awannin da ya saba ci, alhali albashi da haya suna ta hawa. Kuɗin tikiti ba ya taɓa rufe wannan giɓi, sai da kyauta da tallafi. Juya wasanni bi da bi kuma yana ƙara tsada, domin dole ma'aikata su kwashe kayan fage ɗaya su kafa wani tsakanin wasan rana da na dare. Annobar korona da ta rufe gidajen wasa a watan Maris na 2020 ta zo ta ƙara dagula lissafi, masu sayen tikitin kaka gaba ɗaya, waɗanda a da kuɗinsu ke shigowa tun kafin a fara bita, da yawa ba su dawo ba. Mun ga gidan Long Wharf ya bar gininsa a New Haven, mun ga an daina bikin sababbin wasanni na Humana a Louisville, mun ga an dakatar da wasanni a Mark Taper Forum na Los Angeles a 2023, a shekarar da bikin Shakespeare na Oregon ya fito neman agajin gaggawa. Duk wannan na sani. Sai dai ni darasin da na ɗauka daga ciki ya saɓa wa na masu cewa a ƙara tsuke bakin aljihu. Mutumin da ke da dubban fina-finai a wayarsa ba zai fito cikin sanyin Janairu na Minnesota ya biya kuɗin ajiye mota don kawai ya ji labari ba. Abin da zai fito da shi shi ne abin da waya ba ta da shi, wato mutanen da ya sani, waɗanda ya ga tasowarsu, yake son ya ga me za su yi da wannan sabon matsayi.

Kuma akwai waɗanda suka riƙe tsarin ba su mutu ba. Alley a Houston har yanzu yana da zaunannun 'yan wasa. Stratford, ɗaya gidan da Guthrie ya kafa, yana juya wasanni da babbar tawaga kowace kaka, mutane suna tuƙi na awanni su kwana biyu ko uku don su kalli wasanni da yawa a tafiya ɗaya. A maƙwabciyarmu Wisconsin, American Players Theatre da ke Spring Green yana da tawagar dindindin da 'yan kallo ke kira da sunayensu. A cikin jiharmu ma, a Lanesboro, garin da mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba, gidan Commonweal da aka kafa a 1989 yana tafiya da 'yan wasan da ke zaune a garin. Hujja mafi kusa kuwa daga cikin gidanku ta fito. A 2024 Joseph Haj, wanda ya karɓi jagoranci a 2015, ya sake ɗora wasannin tarihin nan uku a dandamali, da tawaga ɗaya, ana juya su bi da bi, kuma shi kansa yana cikin matasan 'yan wasan da suka yi su a 1990. Ku tsaya a kan wannan kaɗan. Mutumin da ke jagorantar gidan yau tawagar Garland Wright ce ta rene shi. Idan babu irin wannan tawaga yanzu, daga ina wanda zai riƙe gidan nan bayan shekara 30 zai fito, kuma wa zai koya masa ɗakin?

Akwai suka ta biyu da na fi ɗauka da muhimmanci fiye da ta kuɗi. Tsohuwar tawaga tana iya zama rufaffen gida, fuskoki iri ɗaya, mafi yawansu fararen fata, suna rabon manyan matsayi a tsakaninsu har tsufa, kuma gidajen wasa irin su Penumbra da Lou Bellamy ya kafa a St. Paul a 1976, da Mixed Blood da aka kafa a wannan shekarar, sun taso ne saboda manyan gidaje ba su da wuri ga baƙaƙen fata da sauran al'ummomi. Wanda ya ji tsoron a koma wancan zamani yana da dalili. Amma ɗaukar mutum na mako takwas saboda ana wasan da ya shafi launin fatarsa, sannan a sallame shi, shi ma bai kai a kira shi buɗe ƙofa ba. Tawagar da nake roƙo ita ce wadda za ta yi kama da garin da muke ciki a yau. Ginin nan yana tsaye ne kusa da magangarar ruwan da mutanen Dakota, 'yan asalin yankin, ke girmamawa tun kafin a san da Minneapolis. Tafiyar 'yan mintuna daga ƙofarku akwai unguwar Cedar-Riverside, cibiyar Somaliyawa mafi girma a Amurka, a St. Paul akwai al'ummar Hmong, a Brooklyn Park akwai 'yan Laberiya da sauran 'yan Afirka ta Yamma. Kun yi ƙoƙari, na shaida, da tikitin dala 9 da aka taɓa yi a ƙaramin ɗaki, da aikin da kuka yi tare da marubuta 'yan asalin ƙasar har ya kai ga wasan For the People a 2023. Sai dai iyalin da ba su saba shiga gidan wasa ba, rangwamen tikiti kaɗai ba ya sa su ji wurin nasu ne. Ranar da suka san cewa 'yar unguwarsu ma'aikaciyar gidan ce ta dindindin, bana ta fito a wasan Shakespeare, baɗi a na wani marubuci daga Afirka, ranar ce za su fara zuwa ba tare da an aika musu da gayyata ba.

Kuna da rabin abin da ake buƙata a hannu. A shekarar 2000 kuka fara horar da matasan 'yan wasa tare da Jami'ar Minnesota, a wannan dandamali, da muryar da ɗakin ke buƙata, sannan idan sun gama mafi yawansu su tafi wasu garuruwa neman abinci. Kuna da maɗinka da kafintoci da masu fenti da masu yin gashin kai da kayan hannu, waɗanda wasunsu sun shafe shekaru masu yawa a gidan, kuma babu wanda ya taɓa ba da shawarar a riƙa ɗauko sabon maɗinki kowane wasa, domin kowa ya san abin da za a rasa. Mai yanka tufafin da ya san faɗin kafaɗar ɗan wasa da yadda yake ɗaga hannu idan yana faɗa da takobi, rabin aikinsa ya ƙare tun kafin ya ɗauki almakashi. Hujjar da ta sa kuka riƙe waɗannan ƙwararru ita ce dai hujjar riƙe waɗanda ke sa tufafin.

Ba na cewa ku koma tsarin 1963 gaba ɗaya, don zamanin ya wuce kuma 'yan wasa da yawa suna son 'yancin zuwa yin fim su dawo. Abin da nake roƙo ya fi haka sauƙi. Ku ɗauki ƙaramar tawaga, ko da mutum goma sha biyu ne, manya da matasa, a kan kwangilar shekara biyu da ake iya sabuntawa, a bar wasu kujeru suna juyawa don sabon jini ya riƙa shigowa, a kuma ci gaba da gayyato baƙi su yi aiki tare da su. Ku ware wani ɓangare na kowace kaka da za a juya aƙalla wasanni biyu bi da bi. A makonnin da ba sa kan babban dandamali, tawagar ta ɗauki ƙaramin wasa ta kai Duluth da Rochester da garuruwan karkara, kamar yadda gidan ya riƙa yi a shekarun 1970, domin mutanen can ma suna biyan harajin da masu zaɓe suka amince da shi a 2008, wanda wani kaso nasa ke tafiya ga fasaha da al'adu har zuwa 2034. Game da kuɗi kuwa, ɗakunanku uku duk suna ɗauke da sunayen mutane, kuma garin da ya iya tara dala miliyan 125 saboda gini yana da attajiran da za su iya ɗaukar nauyin kujerar ɗan wasa ɗaya har abada, kamar yadda ake yi wa kujerun farfesoshi a jami'a da na makaɗa a manyan ƙungiyoyin kiɗa. Sai an tambaye su ne za a sani.

Ina roƙon ku sa wannan batu cikin ajandar zamanku, ku nemi ofishin kuɗi ya fitar da ainihin abin da irin wannan tawaga za ta ci a shekara idan aka kwatanta da abin da ake kashewa yanzu wajen tantance 'yan wasa da tikitin jirgi da masaukin baƙi, sannan ku bayyana wa jama'a sakamakon, ko da ya saɓa wa abin da nake fata. Ina kuma roƙon ku saurari 'yan wasan garin nan da kansu kafin ku yanke hukunci, musamman waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin tsarin biyu.

Allah ya yi muku jagora, ya ƙara wa gidan albarka.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai kallo daga Minneapolis.